Sati 6 da naira 35,000: abin da munka gani a cibiyar koyon kwamfuta da kimiyya ta 'yan mata

Assalamu alaikum. Tun ranar da na saka hoton ɗiyata a WhatsApp tana riƙe da ɗan ƙwan lantarki da ta haɗa da hannunta har ya kama, wayata ba ta huta ba. Hajiya ina ne wurin nan, nawa anka biya, mata zalla ne ko da maza, har wata aminiyata da ke aure Gusau tac ce in tambayo mata ko suna da reshe can. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya-ɗaya shi ya sa nac ce bari in zauna in rubuta duka lokaci guda, mai daɗin da maras daɗin. Sunan wurin kam ba ni faɗi, don akwai inda zan taɓa su, kuma kun san Sakkwato, sai ka yi cacar baki da mutum da safe a kasuwa da marece ka iske shi cikin dangin ango a bikin gidanku. Cibiya ce dai mai zaman kanta ta 'yan mata, can ɓangaren Arkilla, suna koyar da kwamfuta da firaktikal na kimiyya lokacin dogon hutu.

Ba son birgewa ya kai ni ba, tsoro ne. Babbar ɗiyata yarinya ce mai ƙoƙari wallahi, kemistiri kamar ta haɗiye littafin, burinta famasi a jami'ar Ɗanfodiyo. Amma har ranar da ta shiga ɗakin JAMB ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ita kaɗai ba, makarantarsu akwai darasin kwamfuta amma a allo ake zana musu ita da alli. Ga shi tun 2015 babu sauran takarda da fensir, kowa kwamfuta, tambaya 180 cikin awa 2, Ingilishi 60 sauran darussa ukun 40 kowanne. Tac ce mini Mama hannuna rawa yake, kibiyar nan ta gudu can ta dawo nan, ba wanda ya taɓa gaya mata ko ba mawus za ta iya danna A B C D a kibod ta danna N ta wuce gaba. Lokaci ya ƙare da saura. Yanzu tana kwalejin ilimi ta Shehu Shagari, ba na raina ba, Allah ya sa shi ne alheri, amma na yi wa kaina alkawari ƙanwarta ba za ta shiga ɗakin nan da baƙon hannu ba.

To ƙanwar tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Na haɗa ta da ɗiyar ƙanena da nake riƙo, shekararta 15, kurma ce tun tana ƙarama bayan wani zazzaɓi mai zafi, tana makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman. Dalilin da na kai ta shi ne a banar da sunka kafa bakin titi an rubuta ɓaro-ɓaro wai har da masu buƙata ta musamman da 'yan matan karkara. Ku riƙe wagga magana, za mu dawo kanta.

Kuɗi: fom 2,000, karatu 35,000 kowace yarinya, sati 6, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 9 zuwa 1 na rana. Suna karɓar tiransifa kuma sun ba da rasit, sun ma yarda na biya kashi biyu. Kuɗin napep daga Mabera kullum shi ne ya fi cin raina, ga damina, kowa ya san Mabera in anka yi ruwa mai ƙarfi, wata ran sai sun naɗe hijabi sun taka zuwa babban titi kafin su samu abin hawa.

Kafin ma a fara sai da anka yi ƙaramin yaƙi a gida. Yayan maigidana da ya ji labari yac ce mi ya haɗa ɗiya mace da kwamfuta, nan da kwana kaɗan sai ku gan ta TikTok tana rawa, a kai ta ɗinki ko girki mana. Ni dai nac ce to Yaya, na yi shiru, ba a ja-in-ja da babba. Allah ya sa ranar Babanmu ya zo duba mu, tsohon malamin tarihi ne ya yi ritaya, in kun san irinsu ba sa barin magana ta wuce. Yac ce Alhaji zauna in ba ka labari. Lokacin da Baturen nan Kyaftin Kilafaton ya dawo Sakkwato karo na biyu a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai littafin lissafi na Iƙilidis da Larabci. Bello yac ce masa ai gidansu suna da irinsa, wani ɗan uwansu ya samo a Makka, gobara ce ta cinye shi. Baba yac ce ka ji, kusan shekara ɗari biyu kenan, Bature ya zo da lissafi yana zaton baƙo ya kawo ya iske ɗan gida ne, kai kuma yau kana tsoron jikata ta koyi abin lissafi. Yaya ya yi dariya yac ce Malam ka ci, amma a sa ido. Kuma gaskiya wurin sa idon nan yana da gaskiyarsa, za ku ji.

Bari in fara da abin da ya sa ban yi kukan kuɗina ba. Malama guda ce. Matashiya, fiziks ta karanta nan jami'ar Ɗanfodiyo, ga ta da goyo ma wasu ranaku tana zuwa da mai raino. Ran farko na ƙi tahiya, na samu benci baya na zauna don in ga da idona. Ta shigo da kwanon ruwan soɓo, zoɓo in ji Kanawa, da lemun tsami da tsamiya da jiƙaƙƙiyar kanwa da ruwan toka, na ce a raina oh ni ɗiyar nan girkin da Yaya ke so ne za a yi ashe. Ta raba musu ƙananan kofuna tac ce kowa ta zuba da kanta. Wadda ta ɗiga lemun tsami soɓon ya ƙara ja ya yi haske, wadda ta zuba kanwa ya juye ya koma kore-kore mai duhu, aji ya kaure da ihu. Sannan fa tac ce to wanga shi ne asid wancan alkali, abin da kuke haddacewa na takardar litmas kenan da ma'aunin da ke da 7 a tsakiya, yana nan kicin ɗin gidanku. Har ta tambaye su don mi iyayenku ke jefa kanwa a wake, sunka yi shiru, tac ce alkali ne ke sa ya yi saurin laushi. Shekara ashirin da wani abu ina jefa kanwa a wake ban taɓa tambaya ba.

Da Hausa take bayani, sai an gane sannan ta kawo sunan Turancin ta sa su rubuta don jarrabawa. Kuma tana da wata kalma da ta zama waƙa a gidana, in yarinya ta miƙo mata abu tac ce Malama yi mini, sai ta ɓoye hannuwanta cikin hijabi tac ce hannunki, ba nawa ba. Ko abin zai lalace sai dai ya lalace a hannun yarinyar. Yanzu in nac ce ɗiyata ta zo ta duba mini wani abu a waya sai ta ce Mama hannunki ba nawa ba, rashin kunyar zamani.

Sati na biyu albasa sunka yi. Maikuroskof guda ɗaya tak ke gare su ga yara 24, layi ake bi kamar na awo a asibiti, amma kowace sai da ta ɓare siririyar fatar albasarta da kanta ta ɗiga aidin ta leƙa. Ɗiyata ta dawo tana ta zuba, Mama kamar jerin bulo, kowane ɗaki da ɗan ɗigo a ciki. Tac ce sau uku tana zana wanga abu a littafin bayoloji daga allo, har maki ta ci a kansa, ba ta taɓa yarda da gaske akwai shi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Garin da ake loda albasa tirela-tirela daga Gada da Wurno da Goronyo zuwa Kudu, ɗiyar garin tana ajin kimiyya shekara biyu ba ta taɓa leƙa cikin albasa ba. Sannan a zo WAEC da NECO a ce firaktikal.

Na sola ma ya yi kyau. Ƙaramin faifai guda sunka fitar tsakar gida da mita, kowa ta auna, da rana tsaka ya ba su wajen bolt 20, malamar tac ce wata ta rufe gefe da bakin hijabinta su ga yadda ƙarfin ke faɗuwa, ta yayyafa gari a kai a matsayin ƙurar hunturu. Ta gaya musu zafi mai yawa ma rage wa faifan ƙarfi yake, haske yake so ba ƙuna ba, ni da na ɗauka zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40 shi ne abincinsa. Daga nan sunka haɗa batura biyu masu bolt ɗaya da rabi sunka samu 3, ƙwai ya kama, shi ne hoton da kunka gani. Ta kuma ba su labarin cibiyar binciken makamashi da ke jami'ar Ɗanfodiyo tun shekarun 1980, ɗiyata ba ta san da ita ba, ni ma ji kawai nake.

Sai ɓangaren kwamfuta, nan abin ya fara haɗuwa da tsakuwa. A talla sun ce kowace yarinya da kwamfutarta. Laftof 14 na ƙirga, duka tokumbo, uku ba sa tashi sam, wata kuma harafin E ya ɓalle sai da tsinken ashana. Bibbiyu suke zama wani wuri uku. Duk da haka sun koyi abin kirki, buga rubutu da yatsu goma, Word, buɗe imel, da Excel wanda shi ne ya fi yi mini amfani ni kaina. Ina riƙe da adashen mata 20 a unguwa, littafina duk ya yi kaca-kaca da gyare-gyare, yarinyar nan ta ari laftof ɗin kawunta ta jera sunaye ta jera satuttuka ta sa ya tara da kansa, sai ga shi ta gano na rubuta zubin mace ɗaya sau biyu a watan da ya wuce. Da rabon a yi rigima ranar kwasa. Sun kuma yi gwajin JAMB a kwamfuta sau huɗu da agogo yana tafiya, wanda dama shi na zo nema.

Kodin ɗin da sunka cika gari da shi kuwa, wato rubuta wa kwamfuta umarni, a rage gishiri. Sati biyu sunka yi a Scratch, wancan da ake jan tubala masu launi ana jerawa kyanwa ta yi tafiya, jami'ar MIT ta Amurka ta yi shi kuma kyauta ne kowa na iya saukewa. Yana da kyau don yaro ya gane yadda ake ba na'ura umarni bi da bi, in kaza ya faru yi kaza. Python kuwa, harshen da ake rubuta umarnin da shi, kwana uku kacal a satin ƙarshe, sun sa kwamfuta ta rubuta sunansu ta tara lamba biyu, shi kenan. Ba laifi ba ne, sati 6 ba ya wuce haka, laifin shi ne rubuta wa iyaye cewa ɗiyarku za ta fito tana ƙera manhaja. Wadda ke son wanga da gaske sai ta ci gaba da wani abu mai tsawo, ko irin shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2023.

Kuma mai koyar da kodin ɗin namiji ne, saurayi, ya san aikinsa ban ce bai sani ba, amma Turanci zalla da gudu kamar mai karanta labarai, in yarinya ta kakare sai ya ce kawo, ya ja laftof ɗin gabansa ƙwas ƙwas ƙwas ya gyara ya miƙa mata. Ta ga an yi, ba ta san yadda anka yi ba. Ɗiyata tac ce in ajinsa ne kowa shiru take don kar a ga ba ta iya ba. Aji biyu a gini ɗaya, ɗaya ana ɓoye hannu don yarinya ta yi, ɗaya ana ƙwace mata.

Wuta kuma ba sai na faɗa ba. Janareta ke gare su, kuma tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda ake lallaɓa janareta. Na ƙirga kwana 5 cikin 30 da ba a kunna kwamfuta ba sam, sai labari. Abin dariya wurin da ake koyar da sola ba su da solar da za ta riƙe laftof goma.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Ranar rajista na tambayi sakatariyar ƙarara, wagga ɗiyar ƙanen nawa ba ta ji, akwai mai yi mata maganar hannu? Tac ce sosai Hajiya akwai, kar ki damu. Ran buɗewa kuwa sai ga mai fassarar, mace, ta iya ƙwarai, yarinyar sai murmushi take har kunne, ranar kuma akwai masu ɗaukar hoto, anka jawo ta gaba anka zaunar gaban laftof mafi kyau. Washegari babu mai fassara. Jibi babu. Ban sake ganinta ba sai ranar rufewa da masu hoton sunka dawo. Hoton yarinyar kuwa yana nan a shafinsu na Facebook da dogon rubutu kan yadda ba sa barin kowa a baya, ba wanda ya tambaye ni ko ubanta kafin a saka.

Sati 6 yarinyar nan tana zaune tana kallon baki. Bidiyon da suke kunnawa babu rubutu a ƙasa. 'Yar uwarta ta iya maganar hannun da muke yi a gida, ci, sha, tahi, taho, amma ina za ta san alamar asid ko bolt, waɗanga sai wanda ya koyi irin ta makaranta. Malamar kimiyya Allah ya saka mata, ita ta sayo ƙaramin littafi da kuɗinta tana rubuta mata, tana juyowa ta fuskance ta in za ta yi magana, kuma da yake nata darasin na gani da taɓawa ne yarinyar ta bi sosai. Ranar batura ita ta riga kowa kunna ƙwai. A buga rubutu kuwa ba wadda ta kama ƙafarta a ajin, yatsun da sunka saba magana tun tana ƙarama. Wanga ne ya fi ƙona mini rai, ba wai ba ta iyawa ba ne, da an ba ta abin da anka yi alkawari da ban san inda za ta kai ba. Wata rana ta dawo ta nuna mini da hannu, su suna dariya ni ban san mi anka ce ba. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Ajin ma a saman bene yake, matakala ce mai tsayi babu wata hanya. Ranar rajista na ga wata uwa ta zo da ɗiyarta mai shan inna a keke, ta ɗaga kai ta dubi benen, ta tambayi wani abu, sunka juya. Akwai doka fa a ƙasar nan da anka sa wa hannu a Janairun 2019 da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci, har anka ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara. Ni ban ce kowace ƙaramar cibiya tana da kuɗin komai ba, amma in ba ka da shi kar ka rubuta a bana.

'Yan matan karkarar kuma, gurbi 5 sunka bayar kyauta, na yaba da wanga. Guda daga ciki Bafillatana ce daga wata ruga ta hanyar Wamakko, makarantar 'ya'yan makiyaya ta yi, irin waɗanda ke ƙarƙashin hukumar da anka kafa a 1989. Ɗiyata tac ce in malama ta ba da lissafi kafin su ciro kalkuleta ita ta faɗi amsa, da ka take yi, yarinyar da ta tashi tana ƙirga canjin nono. Amma sai ta taya innarta tatsa da safe sannan su biyo mota tare, ba ta isowa sai goma ta wuce, maigadi kuma an ba shi umarni ya rufe ƙofa tara da rabi. Sau biyu tana zama waje har a tashi. Ga 'yan birni da tsiya, 'yar ruga, wai tana warin man shanu, in ta yi Hausa da karin harshenta a kwashe da dariya. Na titsiye tawa nac ce ke ma kin yi dariyar? Ta sunkuyar da kai. Ranar ta ji faɗan da ba ta taɓa ji ba, kakarta ta wajen uba ma Bafillatana ce in ta manta. Sati na uku yarinyar ta daina zuwa. An yafe mata kuɗin karatu amma ba wanda ya yi tunanin kuɗin mota kullum daga ruga. Cikin biyar ɗin nan biyu ne sunka kai ƙarshe.

Abin da ya ba ni haushi, a bangon ajin an rubuta sunan Nana Asma'u da manyan baƙaƙe, kamar yadda kowa ke yi a garin nan in zai buɗe abin mata. To ai Nana ba zama ta yi tana jiran wadda ke da kuɗin mota ba. Jajoji ta naɗa, wato mata jagororin karatu, ta ba su malfa, su zo su ɗauki karatu su koma da shi ƙauyuka har cikin gidaje, shi ne 'Yan Taru, kuma ta rubuta da Fulfulde da Hausa don wadda ba ta jin Larabci ta samu. Ta rasu tun 1864 amma dabararta ta fi ta mai banar nan. Harshen da anka yi wa yarinyar can dariya a kansa da shi Nana ta yi yawancin waƙoƙinta.

Inda sunka gyara kuma in faɗa. Akwai wata yarinya 'yar Zuru, Kirista, babanta ɗan sanda ne anka kawo shi aiki nan. Da anka tashi rama kwanakin da babu wuta sai anka saka ranar Lahadi da safe, ba wanda ya tuna da ita, ta rasa na farko tana coci. Mamanta ta zo ta yi magana cikin mutunci, mai wurin ta ba da haƙuri nan take anka mai da shi Asabar da yamma. Yanzu ita da ɗiyata ƙawaye ne, injiniyan lantarki take son zama.

Sauran ƙananan abubuwa: akwai wurin sallah mai tsabta, ba a sakin yarinya sai wanda anka rubuta sunansa ya zo ko an kira uwar, wanga ya kwantar mini da hankali. Banɗaki ɗaya ne ga yara 24 da malamai kuma ba kullum ke da ruwa ba, wurin 'yan mata masu tasowa kowace uwa ta san mi nake nufi. Intanet ɗinsu a buɗe yake ba a toshe komai ba, kuma eh, an kama wasu sun buɗe TikTok lokacin da malamin kodin ya fita amsa waya. Ban gaya wa Yaya ba, in ya karanta nan to Yaya ka yi haƙuri, ba tamu ba ce.

Satin ƙarshe na nemi ganin mai wurin. Mace ce mai fara'a, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Nac ce Hajiya kin karɓi kuɗin kurma kin ba ta aji na masu ji. Tac ce wallahi Hajiya kuɗin mai fassara na wata guda ya kusa cinye abin da yara uku sunka biya, ta zaci za ta samu tallafi bai zo ba. Nac ce to da kin gaya mini tun ran farko in zaɓa da kaina. Ta amsa laifinta, ta mayar mini da rabin kuɗin yarinyar, ko da yake sai da na yi sati biyu ina kira. Hoton ma nac ce a cire, ta cire. Ban ga mugunta a tare da ita ba, na ga mai son a ce ta yi kafin ta shirya yi.

In taurari ake bayarwa zan ba wurin 3 cikin 5, malamar kimiyya ita kaɗai 5, da akwai 6 da na ƙara. Wadda ɗiyarta ke ji, tana cikin gari, kuma tana da halin kuɗin napep, ta kai ta, musamman mai shirin JAMB, ba za ta yi nadama ba. Amma kafin ki tura kuɗi ki hau benen da ƙafarki ki ƙirga laftof ɗin da ke tashi ba waɗanda anka jera ba, ki tambaya ko malamar nan tana nan har yanzu don na ji ana cewa tana neman tahiya karatun digiri na biyu, in ta tahi ban san mi zai rage ba. Mai ɗiya kurma ko mai keke kuma kar ta yarda da sosai Hajiya, ta ce a nuna mata mai fassarar a rana ta biyu ba ta farko ba.

Sun ce za su buɗe ajin Asabar-Asabar bayan an koma makaranta, 10,000 a wata. Tawa za ta koma. Ɗiyar ƙanena kuwa na samu wata malama daga makarantarsu da ta yarda ta riƙa zuwa gida ranar Lahadi da yamma su zauna da laftof ɗin kawunsu, mun fara sati biyu kenan, Excel suke yi. Satifiket ɗin su biyun har yau bai zo hannu ba, na farko da sunka buga sun rubuta sunayen ubanninsu ba daidai ba na mayar, yanzu kuma wai firinta ta lalace.